Yadda ake amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen zana tsoffin wuraren tarihin Bauchi ba tare da shaci-faɗi ba

Idan ka buɗe ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu zana hoto, wato abin da aka fi sani da AI, ka rubuta mata "ƙofar birnin Bauchi a shekarar 1850", cikin daƙiƙoƙi za ta miƙo maka hoto mai ɗaukar ido. Sai dai da wuya ya zama Bauchi. Yawanci abin da ke fitowa shi ne gini irin na masallacin Jenne da ke Mali, da itatuwa suna leƙowa daga bango, ko kuma jan birni irin na Maroko, ga tudun rairayi da raƙuma a bayansa. Dalili kuwa shi ne na'urar ta koyi zane daga miliyoyin hotunan da ke intanet, hotunan ginin ƙasa na Jenne da Timbuktu da Maroko kuma sun ninka na Bauchi da Katagum da Misau sau ba adadi. Duk inda ka bar mata gurbi, da abin da ta fi gani za ta cike shi.

Don haka aikin gaba ɗaya ya tsaya kan rage wannan gurbi, da kuma nuna wa mai kallo inda hujja ta ƙare, hasashe ya fara. Ga yadda ake yi, tun daga fili har zuwa wallafawa.

Zaɓi tambaya ɗaya

Jihar Bauchi ba ta rasa wuraren da suka bar tambaya ba. A dajin Yankari akwai Kogunan Marshall, ɗakuna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse mai laushi, waɗanda P.J. Marshall ya bayyana wa masu bincike a 1980. A nan cikin dajin akwai rijiyoyin Dukkey, sama da ɗari, masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da kuma murahun narka tama kusan 60 da ke tsaye a Shau Shau. Akwai zanen dutse a Geji cikin ƙaramar hukumar Toro, akwai a Shira. Akwai ganuwar Bauchi wadda aka gina bayan Malam Yakubu ya kafa birnin a wajajen 1809, yau kuma sunayen ƙofofinta irin su Ran da Wunti da Nassarawa da Wambai sun fi ita kanta ganuwar wanzuwa.

Kada ka ce za ka zana "tarihin Yankari". Matse tambayar har ta zama abin da hoto ɗaya zai amsa: yaya murhu ɗaya na Shau Shau yake a ranar da ake hura shi? Yaya ƙofa ɗaya ta ganuwa take ga wanda ya tunkaro ta daga waje? Abu ɗaya, wuri ɗaya, zamani ɗaya.

Izini da ɗaukar hoto a fili

Da yawa daga wuraren nan suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, ciki har da zanen Geji da na Shira da Gidan Madaki na Kafin Madaki. A nemi izini, a kuma gaida mai gari kafin a hau dutse. A Yankari ba a shiga daji sai da ɗan rakiya daga ma'aikatan wurin.

Kayan aiki ba su da yawa: waya mai kyamara mai kyau, batirin ajiya, tef ɗin awo, sanda mai tsawon mita 1 da aka yi wa fenti baƙi da fari kowane santimita 10, da littafin rubutu. Sandar nan ita ce ke ba hoto ma'auni. In babu ita, manhaja ba ta san ko murhun da ka ɗauka ya kai tsayin mutum ko bai wuce turmi ba.

Kafin ka fara, kashe duk wani gyaran hoto na kai-tsaye da ke cikin wayar, da yanayin dare, da yanayin da ke dusashe baya. Wayoyin yanzu suna ƙawata hoto da kansu, suna goge abin da suka ɗauka datti ne, suna ƙara kaifin layukan da ba su da kaifi. A hoton biki wannan ado ne, a hoton zanen dutse ɓarna ce. Idan wayar tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta gyara ba, yi amfani da shi.

Don samun siffa mai kauri da zurfi, wadda ake juyawa ta kowane ɓangare, sai ka zagaye abin kana ɗauka, kowane hoto ya maimaita kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na wanda ya gabace shi. Murhu ɗaya yana buƙatar hoto 80 zuwa 150, a zagaye uku: ɗaya kana tsugune, ɗaya daidai ƙirji, ɗaya ka ɗaga hannu sama. Kada ka zuƙo da yatsa, ka matsa da ƙafa. Lokaci mafi kyau shi ne da sassafe ko ranar da hadari ya rufe rana, domin inuwa mai kaifi ta tsakar rana tana manne wa siffar ta zama kamar tabo a jikinta. Hazon hunturu yana ba da haske mai taushi, amma a riƙa goge gilashin kyamara saboda ƙura. Manhajoji irin su Polycam da KIRI Engine suna haɗa hotunan a waya, Meshroom kuma kyauta ne a kwamfuta. Idan siffar ta fito da ramuka ko ta karye biyu, ko dai maimaicin bai isa ba, ko iska ta kaɗa ciyawar da ke gefen abin, manhajar ta rikice.

Kan zanen dutse akwai doka da ba ta da sassauci: ba a yayyafa masa ruwa don launi ya fito, ba a bin layinsa da alli, ba a taɓa shi da hannu. Ruwa yana jawo gishirin cikin dutse ya fito ya ɓamɓare launin, abin da ya yi ɗaruruwan shekaru sai ya lalace don hoto ɗaya.

Kuma idan za ka tura hotunan zuwa kwamfuta ta WhatsApp, tura su a matsayin takarda. Turawa ta hanyar hoto tana matse su, rabin bayanin ya tafi.

Fito da abin da ido ba ya gani

Wannan matakin na zanen dutse ne, kuma ana yawan tsallake shi a faɗa kan AI kai-tsaye, alhali shi ne ya fi amfani. Akwai manhaja mai suna DStretch, wadda Jon Harman ya ƙirƙira don masu nazarin zanen dutse, tana aiki cikin manhajar nazarin hoto ta ImageJ a kwamfuta, akwai kuma ta waya. Aikinta lissafi ne tsantsa: tana ɗaukar ɗan bambancin launi tsakanin jan zane da jan dutse ta faɗaɗa shi har ido ya gani. Ba ta ƙara komai daga kanta. Ga zane ja a gwada saitin LRE ko YRE, ga baƙi a gwada YBK, LDS kuma na gama-gari ne. Sau da yawa ƙafa ko ƙahon dabbar da ya dushe yakan bayyana sarai.

Abin lura shi ne tana faɗaɗa kowane irin bambanci, har da tsatsar dutse da gansakuka da tabon matsewar hoto. Idan ka ga wata siffa ta fito a saiti ɗaya kawai, ba ta fito a sauran ba, kuma ba ta fito a hoto na biyu da ka ɗauka daga wata kusurwa ba, kada ka ƙidaya ta.

Manhajojin AI masu ƙara girman hoto ko "gyara" tsohon hoto kuwa, a nisanta su daga wannan mataki. Su ƙirƙira suke yi. Za su iya mai da tsagewar dutse ta zama mashi a hannun mutum.

Hujjar da ba ta fili ba

Ga abin da ya riga ya rushe, kamar ganuwa, sai an nemi tsoffin idanu. A Google Earth Pro akwai alamar agogo da ke mayar da kai hotunan shekarun baya. Ga abin da ya fi haka tsufa, akwai hotunan tauraron leƙen asirin Amurka mai suna CORONA, da aka ɗauka tsakanin 1960 da 1972 aka kuma sake su ga jama'a a 1995. Ana neman su a shafin EarthExplorer, a duba ko akwai wanda ya rufe yankinka. Mafi kyawunsu suna nuna abin da ya kai faɗin mita 2, wanda ya isa a bi layin ganuwa kafin gine-gine su cinye ta. Turawan Jamus biyu sun shiga Bauchi sun rubuta abin da suka gani, Eduard Vogel a 1855 da Gerhard Rohlfs a 1867. Rahotannin zamanin mulkin mallaka, daga 1902 zuwa gaba, suna ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House.

Sannan akwai ginin da ke tsaye. Gidan Madaki na Kafin Madaki, wanda ake danganta wa Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, yana nuna yadda gwanayen ƙarni na 19 suke ɗaure bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, da jera azara. Hotunansa sun fi kowane dogon bayani amfani wurin nuna wa na'ura yadda ginin ƙasar nan yake. Dattawan magina da maƙera ma hujja ne. A ɗauki muryarsu da izininsu, a rubuta wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi.

Raba abin da ka tara gida uku

Kafin ka rubuta wa na'ura ko kalma ɗaya, ja layi biyu a takarda. Gida na farko: abin da aka auna ko aka gani. Na biyu: abin da babu shi a wurin amma akwai irinsa a wani wuri na kusa, na zamani ɗaya. Na uku: hasashe.

Ɗauki murhun Shau Shau. Tsayin abin da ya rage, faɗin gindi, kaurin bango, yawan ramukan iska a ƙasa, tarin kashin tama, wato dattin da narkawa ke bari, a gefe, duk suna gida na farko. Asalin tsayinsa kafin bakinsa ya karye yana gida na biyu. Tufafin masu aikin, yawansu, ko akwai rumfa a kansu, duk gida na uku. Yawan ramukan nan na ƙasa yana da muhimmanci, don dogon murhu mai ramuka da yawa a zagaye yakan ja iska da kansa, gajere mai rami ɗaya ko biyu kuma shi ke buƙatar zuga-zugi. Ka ƙidaya kafin ka sa wa hotonka mai zuga.

Masana da ke irin wannan aiki suna da ƙa'ida da ake kira Yarjejeniyar Landan, ta 2009, wadda ta ce duk wanda ya sake gina tarihi a kwamfuta ya ajiye bayanin dalilin kowane zaɓi da ya yi. Takardar nan taka mai gida uku ita ce wannan bayani.

Ba na'ura ƙashi, ta sa tsoka

Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa da rubutu kaɗai. Fara da hoto. Ɗauki hoton siffar da ka haɗa daga kusurwar da kake so, ko ka buga hoton fili a takarda ka ɗora wata mai shara-shara a kai, ka bi layin abin da ke nan da baƙin biro, ka cike abin da ya ɓace da jan biro. Sa mutum a tsaye a gefe da tsayin mita 1.7 bisa ma'aunin sandarka. Zanen ba sai ya yi kyau ba, ya dai yi daidai.

Daga nan hanya biyu ce. Mai sauƙi ita ce ka loda zanen a ChatGPT ko Gemini, ka umarce shi ya riƙe siffa da ma'auni yadda suke, ya ƙara launi da haske kawai. Wannan yana aiki a waya, amma yakan sake zana komai, ya ɗan karkatar da ma'auni a kowane zagaye. Mai wuya, wadda ta fi riƙe gaskiya, ita ce manhajar zane ta Stable Diffusion tare da ƙarinta mai suna ControlNet a kwamfuta mai katin hoto na gigabait 8 ko fiye. ControlNet yana ɗaure na'urar ga layuka ko zurfin zanenka. A cikin Stable Diffusion akwai ma'aunin yawan canji daga 0 zuwa 1: tsakanin 0.3 da 0.5 siffarka za ta tsira, ya wuce 0.7 kuwa na'urar ta fara gina nata. Idan ka sami hoton da ya kusa, riƙe lambar irinsa, wato lambar da ke sa hoto ya maimaitu, ka riƙa canza abu ɗaya a kowane gwaji. Kana canza uku a tare ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Game da harshe, manhajojin zane sun fi jin Turanci. Rubuta umarnin da Hausa, ka sa a fassara, sannan ka karanta fassarar da kyau, domin kalmomin sana'a su ne ke ɓacewa. Na'ura ba ta san azara ko zanko ko makuba ba, don haka siffanta su. Misali ga ƙofar ganuwa:

"Ƙofar birni ta jar ƙasa, bango mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, an shafe shi sumul da hannu, babu itace da ke leƙowa daga jikinsa. Mashiga doguwa mai duhu, rufinta na tsagaggun itacen giginya da aka jera kusa da kusa. Ƙyaure na katako mai ɗaurin ƙarfe. A baya akwai duwatsu masu santsi da bishiyoyin kuka da tsamiya. Rani ne, da safe. Babu rairayin hamada, babu rufin kwano, babu siminti."

Tsagin giginya ba ya ɗaukar rufin ƙasa mai nauyi idan tazarar ta wuce kimanin mita 2 ba tare da tallafi ba. Wannan ne ya sa maginan Hausa suka ƙware a bakan gizo da ginshiƙi. Duk hoton da ya ba ka faffaɗan ɗaki mai shimfiɗaɗɗen rufin ƙasa babu abin da ya tokare shi, ginin da ba zai kwana a tsaye ba ne.

Farautar abin da bai kamata ya kasance ba

A nan ne sanin ƙasa yake aiki, kuma a nan ɗan Bauchi ya fi kowane baƙo. Zauna da hoton ka bi shi kusurwa-kusurwa.

Bishiyoyi tukuna. Darbejiya daga Indiya ta zo, a ƙarni na 20 ta bazu a Arewa, don haka ba ta da wuri a gaban ƙofar Malam Yakubu. Kuka, tsamiya, ɗorawa, kaɗanya, giginya da gawo su ne 'yan gida. Sai amfanin gona: masara, rogo, gyaɗa, tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito, bayan 1492. Hoton zamanin da ya gabaci haka, dawa da gero da wake za a sa. Tufafi kuma saƙi ne mai siraran ƙwarya da aka ɗinke, fari ko rinin baba. Na'ura tana son sa wa mutane atamfa da shadda mai sheƙi.

Dabbobi ma haka. Yawancin shanun da aka zana a duwatsun Birnin Kudu, maƙwabtanmu a Jigawa, ba su da tozo. Idan kana raya zanen Geji ko Shira, dubi bayan dabbar da ke jikin dutsen da kyau ka bi abin da mai zanen ya zana, domin na'ura da ta ji "saniya a Najeriya" farar saniya mai tozo za ta kawo.

Mafi muni shi ne abin da take yi wa narka tama. Kusan kullum za ta zana ƙarfe yana kwarara ja-wur kamar ruwa ana zuba shi a mazubi, saboda hotunan masana'antu ta saba gani. Ƙarfe ba ya zama ruwa sai zafi ya kai digiri 1,538, murhun gargajiya kuwa yana aiki ne a wajajen 1,100 zuwa 1,300. Abin da ke narkewa ya gangaro shi ne kashin tama. Ƙarfen kansa yana taruwa ne a dunƙule, mai ramuka kamar soso, a ciro shi a farfasa, maƙeri ya yi ta duka yana fitar da datti. Hoton da ya nuna ana zuba ƙarfe ya koyar da ƙarya game da sana'ar gaba ɗaya.

Idan ka ga kuskure, kada ka sake zana hoton duka. Shafe wurin kaɗai ka sa na'ura ta cike shi, sauran su tsaya yadda suke.

Fuska

Babu hoton Malam Yakubu, wanda ya rasu a 1845, babu na Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe. Duk fuskar da na'ura ta ba su ta wani ce ko ta babu kowa, kuma da zarar ta shiga Facebook sai ta zama "hoton Sarkin Bauchi na farko" a hannun dubban mutane, ta shiga littafin makaranta, ta shiga kalanda. Jikokinsu suna nan, masarautunsu suna nan. A zana wuri da sana'a da kayan aiki, mutane kuma a nuna su daga nesa ko ta baya, ba tare da an laƙa musu sunan kowa ba.

Inda ba a san amsa ba, zana fiye da ɗaya

Ra'ayin da aka fi ji game da Kogunan Marshall shi ne mafaka ce da mutane suka sassaƙa don ɓuya daga mahara da masu kamen bayi. Wasu na iya kallonsu a matsayin mazauni na dindindin ko wurin ajiya. Hoto guda mai kyau yana kashe muhawara, don mai kallo yana ɗaukar abin da ya gani a matsayin abin da ya faru. Saboda haka fitar da hoto biyu ko uku daga kusurwa ɗaya, da haske ɗaya, da kyau ɗaya, kowanne da fassararsa, ka jera su tare. A ƙarƙashin kowanne rubuta abin da ke goyon bayansa da abin da ke raunana shi: akwai baƙin hayaƙi a rufi ko babu, akwai fasassun tukwane ko dutsen niƙa a kusa, ina ruwa mafi kusa, mutum nawa ɗaki zai ɗauka a kwance bisa awon da ka yi.

Kafin wallafawa, kai hotunan ga wanda zai iya kushe su: malamin ilmin tona tarihi, irin na sashen da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ma'aikacin NCMM, da kuma tsohon magini ko maƙeri. Tambaye su abin da ba daidai ba, kada ka tambaye su ko ya yi kyau.

Wallafawa

Kowane hoto ya fita da abokai biyu: ainihin hoton wurin yadda yake a yau, da kwafin da aka shafa wa launi bisa gidajen nan uku, kore ga abin da aka auna, rawaya ga abin da aka aro daga makamancinsa, ja ga hasashe. Rubuta "Zanen AI, ba hoton gaske ba" a cikin jikin hoton, a wurin da ba za a yanke shi cikin sauƙi ba, domin bayanin da ke ƙarƙashin hoto yana faɗuwa tun a turawa ta farko a WhatsApp.

Cire bayanin GPS daga hotunan fili kafin ka ɗora su. Wuraren tsohuwar al'adar Nok a kudancin Kaduna sun sha haƙar ɓarayin kayan tarihi, kuma hoto mai ɗauke da lambobin wuri taswira ce ga irinsu. Wurin da ba a riga an sani ba, ambaci ƙaramar hukuma kawai, ainihin lambobin ka miƙa wa NCMM.

A ƙarshe tara komai a jaka ɗaya: hotunan asali da ba a taɓa ba, awo, muryoyin dattawa, takardar gida uku, umarnin da ka rubuta, sunan manhaja da ranar da ka yi aikin, da lambar iri. Ajiye kwafi biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a wani faifai dabam, ka sa wa jakar sunan wurin da shekarar da aka ɗauki hotunan.